Koyi ko gasa? Abin da ganuwar Kano ta koya min

1/ Jama'a, kun san kalmar nan ta Turanci, emulate? A wajen walima ko taron karrama wani, kullum fassararta ɗaya ce: "abin koyi". Ni ma haka na ɗauka, sai da na duba asalinta. Ku biyo ni.

2/ Daga Latin ta fito, aemulus, wato abokin gasa. Ashe ba kwaikwayo kaɗai take nufi ba. Ka ga wani ya yi abin kirki, ka ɗaura ɗamara ka kamo shi, in da hali ka wuce shi. Koyi ne mai gasa a ciki.

3/ Misalinta kuwa kullum ina wuce shi a adaidaita. Ganuwa.

4/ Bisa Tarihin Kano, Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa. Bai gama ba. Ɗansa Tsaraki ya ƙarasa.

5/ Sai Muhammadu Rumfa (1463–1499). Ya tarar da birni da ganuwarsa, amma bai ce "ai an gama" ba. Ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina Gidan Rumfa, fadar da ke nan har gobe.

6/ Zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623) aka sake ƙara mata faɗi ta yamma. Ku lura fa: kowa ya zo, kan aikin na baya yake ɗorawa. Ba ya rushewa don a manta da sunan wancan.

7/ Nan ne bambancin yake. Mai hassada so yake naka ya lalace. Mai gasa ta gari so yake nasa ya fi naka, naka kuma yana tsaye. Malamanmu na Islamiyya sun sha bambance mana hassada da gibɗa, mu ne ba mu haɗa zancen da tarihi ba.

8/ Yau kuwa? An ɗebi ƙasar ganuwa an yi bulo, wani wurin shaguna sun cinye ta. Abin da aka yi fiye da shekara 500 ana ƙarawa, mu ragewa muke yi. Wallahi abin yana min ciwo.

9/ Don haka in ka ce Rumfa abin koyi ne, ka san bashi ka ɗauka. Me za ka ƙara? Ɗan cikin badala, ina jiran amsarka.