Malamin Helenanci da Yaron Damagaram

Mu nan Bugaje, da 'yan'uwanmu na Maradi a ƙetaren iyaka, Littafi Mai Tsarki ɗaya muke karantawa da Hausa, ko da yake mu turanci muka yi a makaranta, su kuwa faransanci. Ya kamata mu san hannuwan da Littafin ya bi kafin ya iso gare mu.

An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci. Har yau akwai kalmomin wannan harshe a bakinmu: ikilisiya, baftisma, Fentikos, dikon, har da sunan Kirista. Kafin Bahaushe ya ji wasiƙun Bulus da harshensa, sai da wani ya zauna ya koyi Helenanci, ya kuma koyi Hausa.

Mutumin da ya fara ɗaukar wannan kaya shi ne James Frederick Schön, Bajamushe, wanda aka haifa a 1803. Ya yi karatun tauhidi a makarantar mishan ta Basel, sannan ƙungiyar CMS ta aike shi Saliyo. A can ya fara jin Hausa a bakin bayin da aka 'yanta. A 1841 ya bi ayarin da ya hau kogin Neja tare da Samuel Ajayi Crowther, a 1843 kuma ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Rashin lafiya ya komar da shi Ingila. Bai taɓa taka Kano ko Katsina ba.

Ga ilimi, amma babu wanda zai gyara masa harshe. Sai Allah ya kawo wani yaro mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta tun yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi. A 1855 matafiyin nan Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Dorugu ya zauna wurin Schön, yana faɗa masa kalmomi, yana ba shi labarai da tatsuniyoyi, malamin yana rubutawa. A 1857 Bisharar Matiyu ta fito da Hausa, a 1880 kuma Sabon Alkawari duka. Dorugu ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912.

Fassarar ta yi rauni a wurare da dama, gama mai ita bai zauna cikin Hausawa ba. Dokta Walter Miller, wanda ya daɗe a Zariya, shi da abokan aikinsa na mishan da Hausawan da suka zauna da su, suka sake aikin, har cikakken Littafi ya fito a 1932. A 1959 aka buɗe kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru, inda 'ya'yan ƙasa da kansu suke koyon Helenanci.

Abin da tarihin nan yake koya mana shi ne, Schön ya san nassi amma yana bukatar bakin Dorugu, Dorugu kuma ya san Hausa amma yana bukatar karatun Schön. Haka Afolos, duk da iya maganarsa, ya zauna gaban Bilkisu da Akila suka ƙara fahimtar da shi (Ayyukan Manzanni 18).

Yau wa'azi yana shigo mana ta waya daga ko'ina. Wani zai ce “asalin kalmar a Helenanci” kaza take nufi, alhali bai taɓa koyon harafi ɗaya ba, mu kuwa mu haɗiye. Ta haka koyarwar ƙarya take raba ƙananan ikilisiyoyi irin namu. Ba rashin kunya ba ne mu tambayi mai koyarwa, cikin ladabi, inda ya yi karatu da wanda ya koyar da shi.

Mu muna da abin da Schön ya rasa, wato Hausar da muka sha a nono. Saura karatun. Idan akwai saurayi ko budurwa a cikinku da Ubangiji yake nuna wa makarantar Littafi Mai Tsarki, ya zo mu yi magana bayan sujada. Sauranmu kuma mu shirya tallafa masa da addu'a da kuɗin makaranta. A karanta 2 Timoti 2:15 a wannan mako. Ubangiji ya taimake mu. Amin.