Hatimin Bakatsine da aljabrar zamani

Duk wanda ya zauna kusa da malaman zaure a Madarunfa ko Maraɗi ya san hatimi: gidaje tara a kan allo, lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimlarsa 15. Ƙalilan ne suka san cewa ɗan ƙasar Katsina, wadda zuriyar sarakunanta suka kafa Maraɗi bayan faɗuwar birnin a 1807, ya yi wa wannan fanni littafi. Shi ne Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta Bahjat al-Afaƙ a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. A ciki ya shimfiɗa hanyoyin gina hatimi mai gefe mara, kamar mai gidaje 25 da jimlarsa take 65. Don asiri ya yi aikin, babu musu. Amma ƙa'idojin da ya bi lissafi ne tsantsa.

Shi gini ya dame shi. Waɗanda suka zo baya ƙirga ta dame su. A sassauta sharaɗi: a yarda da sifili da maimaita lamba, a bar layukan karkace. Hatimi nawa ne mai gidaje tara? Idan jimla 1 ce, guda 6. Idan 2 ce, 21. Idan 3 ce, 55. MacMahon na Ingila ya fitar da wannan ƙa'ida wajen 1915.

Dalilin 55 ɗin shi ne abin sha'awa. Idan aka ɗora hatimi mai jimla 1 a kan mai jimla 2, mai jimla 3 ake samu. Wato hatimai hawa-hawa suke, abin da masana aljabra ke kira zobe mai matakai. Kowannensu daga shidan farko ake harhaɗa shi, kuma hanyoyin zaɓen uku daga cikin shida, da maimaici, 56 ne. Sai dai wasu uku, in an tara su, suna ba da hatimin da kowane gidansa 1 ne, sauran ukun ma shi suke bayarwa. An ƙirga abu ɗaya sau biyu, saura 55. Wannan dangantaka guda, da duk abin da ta haifa, ita ce ideyal, sunan da Dedekind ya kafa a Jamus a 1871.

Ga hatimai masu faɗi kuwa, dangantakun yawa suke yi. Sai a 1973 Richard Stanley na Amurka, da taimakon sakamakon Hilbert na 1890, ya tabbatar da hasashen da Anand da Dumir da Gupta suka yi a 1966, cewa kowane faɗi yana da ƙa'idar ƙirgarsa. Abin takaici, ɗalibinmu yakan kai jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi bai taɓa jin sunan al-Kashinawi a aji ba, alhali malamin firamare na iya fara darasin da allo da alli, cikin Hausa.