Akwatin Gem Da Ya Girme Ni

Wata huɗu ke nan akwai wani akwatin katako a ɗakina a nan Agege, tsayinsa ya kai nawa, nauyinsa kuwa sai da muka taru mu huɗu kafin muka sauke shi daga akori-kura. Akwatin gem ne irin na da, wanda ake jefa masa kuɗi a tsaya a buga. A Alaba na gan shi cikin kayan tokumbo, an jingine shi bayan wasu tsofaffin firji, ba ya kamawa, ɓera ma ya yi gida a ciki. Gaskiyar magana, rabin kuɗin da Baba ya ba ni in ja jari a kansa suka tafi, kuma da kyar maganar ta lafa a gida.

Mu da muka taso a gidajen gem na PlayStation 2 ba mu riski zamanin waɗannan akwatuna ba, shi ya sa da na fara kwance shi sai na koma neman tarihinsu. Abin da na gano shi ne, tun asali ba don ajiya aka yi su ba. Haja ce ta 'yan kasuwa irin iyayenmu.

A 1972 wani sabon kamfani a Amurka mai suna Atari, na Nolan Bushnell da Ted Dabney, ya ƙera Pong, wasan da ba kome a cikinsa sai sanduna biyu da ɗigo ɗaya yana kai da komo. Suka kai na gwaji wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya. Ba a jima ba mai wurin ya kira ya ce na'ura ta lalace. Da injiniyan da ya haɗa ta, Allan Alcorn, ya je ya buɗe, sai ya tarar lafiyarta lau, mazubin kuɗi ne ya cika har ya toshe. To kun ji mafarin sana'ar. Daga nan Japanawa suka shigo da ƙarfi. Taito ya fitar da Space Invaders a 1978, Namco ya biyo da Pac-Man a 1980.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na 1981, domin duk ɗan kasuwa zai gane shi. Kamfanin Nintendo ya tura akwatunan wani wasa mai suna Radar Scope zuwa Amurka, kaya suka yi kwantai, kusan guda 2,000 suna jibge a sito ba mai taya. Maimakon a zubar, sai aka sa wani matashin ma'aikaci, Shigeru Miyamoto, ya ƙirƙiro sabon wasa wanda za a cusa a cikin akwatunan nan. Shi ne Donkey Kong, inda Mario ya fara bayyana. Aka cire tsohon ciki aka sa sabo, aka canza hoton goshi, kaya suka ƙare. Da na ba Baba wannan labari sai ya ce ai ko mai goro ya san wannan, idan ganye ya bushe ganyen ake canzawa, ba a zubar da huhu.

Wannan dabara ita ta zama al'adar sana'ar gaba ɗaya. Katako da gilashi su ne masu tsada da wahalar ɗauka, wasa kuwa yayi ne, wata shida yara sun gaji da shi. Wajen 1985 ƙungiyar masu ƙera waɗannan na'urori ta Japan, wadda ake kira JAMMA, ta fito da mahaɗin waya iri ɗaya mai haƙora 56, ta yadda fanel ɗin kowane kamfani zai shiga kowane akwati. Mai gidan gem ya zare wannan ya soka wancan, shi ke nan.

Nawa akwatin duk wannan tarihi yana rubuce a jikinsa. Baƙin fenti ne a waje, amma da na kankare gefe ɗaya sai ga shuɗi a ƙarƙashi da guntun wani zane. A farantin maɓallai akwai tsofaffin ramuka da aka toshe aka huda sababbi. Fanel ɗin da ke ciki na Street Fighter II ne, wanda Capcom ya fitar a 1991, kuma ga wasu wayoyi daban da aka ja a gefe, ba su bi ta mahaɗin ba. Na daɗe ina zaton aikin wani ɗan koyo ne. Ashe dalili shi ne JAMMA maɓalli uku ya tanadar wa kowane ɗan wasa, Street Fighter II kuwa shida yake so, uku na naushi uku na shuri, don haka dole a yi wa na shurin hanyarsu. Wato wani mutum, a wata ƙasa, tun ba a haife ni ba, ya zauna da dalma ya yi wa akwatin nan tiyata don kada ya daina kawo kuɗi.

Maganar gyara kuwa, in ba ku shawara kyauta, kada wanda ya sa hannu a bayan gilashin nan shi kaɗai. Talabijin ce irin ta da mai ƙatuwar ƙeya, tana aiki da wuta sama da bolt 20,000, kuma tana iya riƙe ta ko an zare soket. Wani dattijo Bayarabe mai gyaran rediyo a layinmu shi ya koya mini yadda ake sauke wutar kafin a taɓa. Shi ya nuna mini lambar da ke baya mai cewa 120, wato wutar Amurka, tamu kuwa ta ninka haka, sai da taransifomar rage wuta. Kafasitoci duk sun bushe, muka canza su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya na sa a juye da hannuna, ya fashe kamar nokawut, uwar ɗakinmu ta fito da gudu tana salati.

Dattijon ya ce in jefar da tsohon gilashin in sa talabijin shafal, a huta. Abokina ya ce ma me ya kai ni, tun 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME, wadda yanzu ke kunna dubban wasannin nan a kwamfuta kyauta. Duk sun fi ni gaskiya ta fuskar kuɗi. Amma an daina ƙera irin wannan gilashi, kowane ɗaya da aka fasa ya tafi ke nan, kuma zanen wasan don shi aka yi shi, a kan shafal sai ya fito da kaifi kamar an yanka da reza. Na bar shi. Haka kuma ban bi ra'ayin masu tara su a Amurka ba, waɗanda ke kankare kome su mai da akwati kamar ranar da ya bar masana'anta. Ramukan da aka toshe da wayoyin shurin na bar su yadda na same su.

Ranar da ya kama, Baba ya leƙo ɗakin, karo na farko tun zuwan akwatin. Bai kalli masu dambe a gilashi ba, ƙofar kuɗi ya buɗe. A ciki akwai 'yar mita mai ƙirga duk kuɗin da aka jefa, ta tsaya a 61,408. Ya tambaye ni nawa ake jefawa, na ce kwata ɗaya na dala. Ya yi shiru ya yi lissafinsa da ka, ya ce dala 15,352 ke nan. Sannan ya ce, "To kai me ya hana ka fito da shi bakin shago?"

Na ce masa ai sulalla ba sa yawo a ƙasar nan yanzu, ga danshin Legas yana kumbura katako, ga hannun yara ba tausayi. Ya ce maɓalli za a sa a baya, yaro ya ba ni kuɗi in danna masa, rumfa kuma akwai. Ya ba ni zuwa Babbar Sallah, ko akwati ya fara mai da kuɗin jarin, ko in nemo mai saye. Jiya na je na auno ƙofar shagon, faɗinta ya fi akwatin da yatsa huɗu.