Daga Shagon Haya Zuwa Allon Waya

A layinmu da ke cikin birnin Kano, wajejen 1995, akwai wani ɗan shago da bai fi ɗakin ajiye gawayi girma ba. Mai shi yana sayar da kananzir da ashana, amma abin da ke tara masa 'yan mata shi ne kwali uku na littattafan haya. Ni ce 'yar aiken yayata. Takan damƙa min canjin da ya ragu na cefane ta ce, "Ki ce masa na biyu nake so." Sau tari in dawo hannu rabbana: na biyun yana gidan su wance, ita ma ta ara wa matar wanta.

A zamanin, ba sai an gaya maka littafin da ya karɓu ba. Bangonsa ya yi laushi kamar tsumma, an ɗinke gindinsa da zare da allura, ga ɗigon manja a tsakiyar shafi. Wanda ka gani fes da ƙamshin maɗaba'a, ba mai nemansa. Ban taɓa ganin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, da lafiyayyen bango ba.

Kafin nan, daga sama ake yanke wa littafi daraja. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Alƙalai su zaɓa, kamfani ya buga, makaranta ta sa a manhaja. Ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da ya fito a 1980, ta ƙofar gasa ya biyo. Sai da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sannan matasa irin su Balaraba Ramat Yakubu suka shiga buga nasu da kansu. Daga nan hukunci ya sauko kasuwa.

Masana ba su zuba ido ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu. A 2007 ma, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Kano, an tara wasu an cinna musu wuta. Duk wannan shari'a an yi ta ne ba tare da an ji ta bakin irin yayata ba. Sharhinsu yana wajen kitso, da ɗakin amarya, da ɗakin kwanan ɗalibai bayan an kashe fitila. A faɗa, iska ta kwashe.

Wayar salula ta shigo Najeriya sosai a 2001, bayan wasu shekaru Facebook da WhatsApp suka biyo. Marubuciya ta daina jiran kuɗin takarda. Da babban yatsa take rubutu, ta saki shafi ɗaya da dare. Ladanta kuwa sharhi ne. Za ka ji ta ce, "In ban ga sharhi ba, ba cigaba gobe." Kuma "mun gode" ko sitika ba sa shiga lissafi. So take a zauna a warware mata labarin, a zagi mugun miji, a faɗi inda aka yi kuka.

Na ga ƙarfin abin a wani zauren WhatsApp da nake ciki. Ƙarfe goma na dare marubuciyar ta sa mijin labarin ya saki uwargida. Kafin in idar da shafa'i da wuturi waya ta cika. Zaure ya rabu biyu, masu bayan uwargida da masu bayan amarya, har da gore-gore kamar kishiyoyin gaske. Wata ta turo murya tana shessheƙa: "Anti, don girman Allah ki mayar da ita ɗakinta, ko don yaran nan." Bayan kwana uku aka yi kome. Ko dama haka ta tsara, ko roƙon ne ya ci ta, ita ta bar wa cikinta. Abin da na lura shi ne mai karatu ya shigo har ɗakin da ake rubutu, ya sami tabarma ya zauna. Abubakar Imam bai taɓa rubutu ana leƙa kafaɗarsa haka ba.

Sai kuɗi ya shigo. A ba ka shafukan ɗanɗano kyauta, daidai inda labari ya ɗau zafi a tsaya: mai son cigaba ya tura naira ɗari uku ko ɗari biyar, ta banki ko katin waya, ya nuna shaidar biya. A saman kowane shafi ga Allah ya isa ga duk wadda ta fitar da shi. Aron da a da shi ne shaidar littafi ya yi farin jini, yau sunansa sata. Wasu marubutan sun koma manhajar Wattpad suna ƙirga taurari, wasu ana karanta nasu a YouTube kamar yadda ake yi a rediyo. Alƙalai ma sun dawo ta gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016.

Ina da ƙorafi a kan batsa da karya ƙa'idar rubutu, amma abin da ya fi damuna rashin tabbas ne. Manhajar littattafai ta OkadaBooks, da aka buɗe a 2013, ta rufe a 2023. Waya kuma in ta faɗa rijiya, ta tafi da littafin da sharhinsa.

Yayata yanzu tana da jikoki, kuma har yau ni ce 'yar aikenta. Kwanan baya ta kira ni: "Ke, turo min cigaban nan." Na ce, "Yaya, na kuɗi ne, an yi Allah ya isa." Ta yi shiru, sannan ta ce a zamaninsu aron littafi zumunci ne. Can da yamma na ji shigowar ɗari biyar, da saƙon in biya mata, in kuma gaya wa marubuciyar kada ta kuskura ta kashe yaron nan.