Kiwon kaji a gida a ƙasar Arewa: Dogon Dutsi da Tibiri

A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Dosso, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji suna tono a tsakar gida ba. Tibirin da ake nufi ita ce ta Dallol Mawri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi ta zama gunduma a 2011, ba ta Gobir da ke kusa da Maraɗi ba. Daga Matankari da Dankasari har Gesheme da Dumega, kiwon kusan iri ɗaya ne: kajin gida, galibi a hannun mata da yara, suna yawon kiwo da rana, a watsa musu dusar hatsi, wasu su ɗebo wa ƴan tsaki gara. Kaza ita ce asusun gaggawa: kuɗin magani, kayan lakkol, abincin baƙo. Dillalai kuma kan tattara su a kasuwannin ƙauye su yi Yamai da su.

Kazar gida ba ta cika yin ƙwai da yawa ba, amma gwanar kwanci ce. Ƙwanta na ƙyanƙyashewa cikin kwana 21. Da damina, lokacin da zabi ke zuba ƙwai, ita ake sa wa ƙwan zabuwa, wanda ke ɗaukar kwana 26 zuwa 28.

Abin da ke karya mai kiwo shi ne annobar kaji da likitocin dabbobi ke kira Newcastle. Ta fi tashi da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kaza ta takure, fukafukai su sauka, ta yi zawo kore, wuya ya murɗe, cikin ƴan kwanaki akurki ya zama wayam. Ba ta da magani idan ta kama. Barkono da kapso da ake jefawa a ruwan sha ba sa kashe ƙwayar cutar, ɓarnar kuɗi ce kawai. Rigakafi ne ke tare ta, ko allura ko ɗigo a ido, kuma a yi shi wa kaji masu lafiya tun ƙarshen damina, a maimaita yadda ma'aikacin kiwo ya tsara. Garajen kai marasa lafiya kasuwa shi ke kai cutar wani gari, don haka sabuwar kaza a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Alamominta na kama da na murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijar a Magarya cikin Fabrairun 2006. Idan kaji na mutuwa da yawa lokaci guda, kada a yanka a ci. A sanar da ma'aikatar kiwo, ita ke aika samfuri LABOCEL a Yamai.

Ƴan tsaki kuwa shaho da muzuru da sanyin dare ke ɗauke su. Kife su da uwarsu a babban kwando na makonnin farko, da ruwa mai tsabta a kasko marar zurfi, yana rage asarar sosai.