Lucille Ball: yarinyar da malamanta suka ce ba ta da baiwa

A shekarar 1926 wata yarinya ƴar shekara 15 ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo a birnin New York na Amurka. Ba a jima ba makarantar ta aika wa mahaifiyarta takarda cewa kunya ta yi wa ɗiyarta yawa, zamanta a aji ɓata lokaci ne kawai. Yarinyar ita ce Lucille Ball, wadda daga baya Amurka kaf ta riƙa zama gaban talabijin kowace Litinin da dare don ta ba ta dariya.

An haife ta ranar 6 ga Agusta 1911 a garin Jamestown. Zazzaɓin taifod ya kashe mahaifinta tana ƴar shekara 3, ta tashi tsakanin hannun uwa da na kakanni. A waccan makaranta ta tarar da Bette Davis, ɗalibar da malamai ke ji da ita. Lucille kuwa in aka tsayar da ita gaban aji sai bakinta ya mutu.

Da ta bar makarantar sai ta shiga tallan tufafi. A 1933 ta isa Hollywood, tana fitowa cikin jerin ƴan mata masu rawa a bayan taurari. Ta yi shekara kusan 18 tana finafinai barkatai, mafi yawansu masu ƙaramin kuɗi, a kamfanin RKO sannan MGM. A MGM ne tsohon gwanin barkwanci Buster Keaton ya koya mata yadda ake sarrafa kayan wasa da jiki a fitar da dariya. Daga 1948 kuma wani shirin rediyo da ake ɗauka gaban ƴan kallo ya nuna mata cewa fuskarta da motsinta su ne jarinta.

Da gidan CBS ya nemi maida shirin zuwa talabijin, ta ce sai dai mijinta Desi Arnaz, mawaƙi ɗan ƙasar Kuba, ya fito a matsayin mijinta. Shugabannin gidan suka ce jama'a ba za su karɓa ba. Ma'auratan suka haɗa wasan dandali suka zaga garuruwa, jama'a suka karɓa, CBS ta sauko. Ranar 15 ga Oktoba 1951 aka fara nuna I Love Lucy. Lucille na da shekara 40 a lokacin.

Mai kallo zai ɗauka shirme ne kawai ke zuwa mata. Alhali marubutan shirin, cikinsu har da mace, Madelyn Pugh, sukan rubuta kowane motsi dalla-dalla, ita kuma ta yi ta maimaitawa kwana da kwanaki. Fitowarta da aka fi tunawa, inda take aikin naɗe cakulan a masana'anta inji na ta ƙara gudu har ta koma cusawa a baki da cikin hula, da irin wannan horo aka yi ta. Ranar 19 ga Janairu 1953, mutum wajen miliyan 44 suka kalli kashin da Lucy ta haihu a cikin shirin, a ranar da ita kanta ta haifi ɗanta a asibiti.

Ita da mijinta sun yarda a rage musu albashi da sharaɗin a ɗauki shirin a fim kuma ya zama mallakarsu. Wannan dabara ta azurta kamfaninsu Desilu, har a 1957 ya sayi filayen ɗaukar fim na RKO, inda dā take ƙaramar ma'aikaciya. Aurensu ya mutu a 1960. A 1962 ta sayi kason Desi, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirye-shiryen talabijin a Hollywood. A ƙarƙashinta aka fara Star Trek da Mission: Impossible a 1966. Ta rasu ranar 26 ga Afrilu 1989.

Malamanta na New York ba ƙarya suka yi ba: yarinyar na da kunya ƙwarai a lokacin. Kurensu shi ne sun auna rayuwa gaba ɗaya da ƴan watanni. Mu malamai mun san irin waɗannan yara, masu zama a bencin baya, waɗanda in an kira su allo sai murya ta ɓace. Kalma guda da muka rubuta a takardar sakamako ta ƙarshen zango tana iya sa uba ya fitar da ɗiyarsa daga lakol gaba ɗaya. Mu rubuta abin da yaro bai iya ba tukuna da abin da ya kamata a taimaka masa da shi. Ku kuma iyaye, in irin wannan takarda ta iso gida, ku zo makaranta mu zauna mu yi magana kafin ku yanke shawara.