José Antonio Navarro da 'Yancin Texas

A watan Maris na 1836 mutum biyu kacal haifaffun Texas suka sa hannu a takardar ɓallewa daga Meziko: José Antonio Navarro, mai filayen kiwo ɗan San Antonio, da kawunsa José Francisco Ruiz. Meziko ta ɗauki Navarro maci amana, har ta tsare shi bayan an kama shi a cikin ayarin da Texas ta tura Santa Fe a 1841. Amma Navarro mutumin bakin iyaka ne, arzikinsa na ƙasa ne, kuma tun kafin yaƙin ɓallewar ya ga cewa gwamnatin shugaban Meziko Santa Anna mai tattare iko a tsakiya ba ta da abin ba wa makiyayin San Antonio.

Wani zai ce ai son kai ne kawai. Akwai gaskiya a nan, domin a majalisar Coahuila y Tejas, jihar Meziko da Texas ke ciki a lokacin, ya taimaka wa baƙin Amurka su riƙe bayinsu da sunan kwangilar aiki, shi kansa ma yana da bayi. Sai dai son kai bai isa ya bayyana tsayuwarsa a taron tsarin mulkin Texas na 1845 ba, inda shi kaɗai ne ɗan asalin Meziko, ya yaƙi yunƙurin keɓe ƙuri'a ga farar fata, aka kuwa cire kalmar "farar fata".